Tumbin Saniya Da Tambayar Rabo



Akwai wata magana da ba ta tsufa a majalisun unguwarmu ta Sabo. Duk sanda aka ta da zancen rabo, na rumfunan kasuwa ne, na ɗakunan haya ne, ko na ruwan burtsatse, sai wani ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Ai yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba." Sai kowa ya yi shiru, kamar alƙali ya yanke hukunci. Yanzu kuma da yaranmu suka yi karatun boko mai zurfi, maganar ta sami sabuwar riga. Cewa ake yi ilimin zamani ma ya tabbatar da haka. Wai ko a cikin ƙananan halittun da ido ba ya gani, 'yan kaɗan ne ke cinye mafi yawan abinci, sauran su haƙura da abin da ya rage, kuma a haka suke zaune ƙalau. To idan haka halitta take, in ji masu wannan magana, ƙorafin me talaka yake yi?

Wannan hujja ba ta wasa ba ce, domin rabinta gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya wuyar turewa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan jama'a ta daɗe a zaune ba rigima alhali rabo bai zo daidai ba, shin wannan daɗewa ta isa shaida cewa rabon ya halatta? Tunda da ƙananan halittu aka kafa hujjar, bari mu bi su har gida. Gidan nasu kuwa da muka fi sani, mu da muka tashi tsakanin kara da mahauta, shi ne tumbin saniya.

Birnin da ke cikin tumbi

Wanda ya fara ganin irin waɗannan halittu da idonsa ɗan kasuwa ne kamarmu. Antoni Lewenhuk sunansa, mai shagon yadi a garin Delf na ƙasar Holan. Da hannunsa yake goge 'yan gilasai masu ƙara girman abu, har a shekarun 1670 ya duba ruwan tafki ya ga abubuwa masu rai suna yawo a ciki. A 1683 ya duba dattin haƙorinsa, ya sake ganin wasu. Mu a Hausa mun saba kiransu ƙwayoyin cuta, amma sunan ya zalunci mafi yawansu. Su ne ke mayar da madara nono, su ne ke nunar da daddawa, su ne ke sa gasarar koko ta yi tsami.

Cikin saniya ɗaki huɗu ne, kuma na farko, wato tumbi, shi ne mafi girma. Shi ne dai maƙwabtanmu Yarbawa ke saye da sunan shaki. A babbar saniya yana ɗaukar abin da ya haura lita 100, kamar jarka 5 ta 'yan ga-ruwa ke nan. Ƙaramin cokalin shayi guda na ruwan da ke cikinsa yana ɗauke da bakteriya da suka ninka yawan mutanen duniya sau da dama. Ban da su akwai wasu halittun da suka fi su girman jiki, ana ce musu furotozowa, akwai dangin funfuna, akwai wasu kuma da aikinsu shan iska kawai. Wurin da ɗumi, da duhu, kuma babu iskar da muke shaƙa. Shi ya sa aka daɗe ba a san su sosai ba, domin da an fito da su waje sai da yawansu su mutu. Sai wajen 1950 wani Ba'amurke mai suna Robat Hanget ya fito da dabarar renonsu a cikin kwalba ba tare da iska ta taɓa su ba.

Abin mamaki shi ne, saniya da kanta ba ta iya narkar da zaren ciyawa. Nata dai ta tsinko, ta haɗiye, ta dawo da shi ta yi tuƙa, ta sake haɗiyewa. Mazauna tumbi su ne ke fasa zaren, kuma abin da suke fitarwa bayan sun ci nasu, shi jikin saniya ke tsotsewa. Wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta daga nan yake fitowa. Kitsen tozon da muke taɓawa a kara muna ciniki, aikinsu ne.

Yadda rabo yake a can

Abinci a tumbi ƙayyadadde ne, iyakarsa abin da saniya ta kiwata a yini. Wuri ma ƙayyadadde ne. Kuma ba a zama dindindin, domin kullum abin da ke ciki yana gangarawa gaba zuwa sauran ɗakunan. Duk jinsin da bai hayayyafa da sauri daidai da yadda ake kwashe shi ba, to ya ƙare.

Rabon kuwa bai zo daidai ba, wannan ba a musu. A 2015 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da masana na ƙasar Niyu Zilan suka jagoranta. Sun tara ruwan ciki guda 742 daga jinsin dabbobi 32, har da shanu, tumaki, awaki, dangin raƙuma da barewa, a ƙasashe 35. Suka tarar rukuni 30 kacal na bakteriya su ne suka cinye kusan kashi 9 cikin 10 na duk abin da aka ƙirga, kuma kusan ko'ina su ɗin ne dai. Sauran jinsuna masu ɗimbin yawa suna cunkushe a ɗan kason da ya rage.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai. Masu aiki mafi wahala, wato waɗanda ke manne wa ciyawa su fasa zarenta mai tauri, ba su ne suka fi yawa ba. Waɗanda suka fi yawa su ne masu cin abu mai laushi, irin su sitaci da abin da masu fasawa suka riga suka sassauta. Can ƙasa kuma akwai 'yan tsiraru da rabonsu wata iska ce mai suna haidurojin, wadda sauran ke zubarwa. Ribar da ke cikinta kaɗan ce ƙwarai. Su shanye ta, su mayar da ita wata iskar mai kama wuta da ake kira mitan, saniya ta yi gyatsa ta fitar.

Mai hujjar yatsun hannu zai ce, "Yauwa, kun ji ko? Mai wahala daban, mai morewa daban, wani kuma da saura yake rayuwa, kuma ba wanda ya tayar da hankali." To, sannu dai. Sai mu tambaya: me ya riƙe wannan zama har bai rushe ba?

Abin da ya riƙe zaman

A shekarun 1930 wani masani ɗan Rasha mai suna Gawse ya yi wani gwaji. Ya ɗauki jinsi biyu na wasu ƙananan halittun ruwa, ya reni kowanne shi kaɗai a kwalba, kowanne ya yi kyau. Da ya haɗa su a kwalba ɗaya da abinci iri ɗaya, cikin 'yan makonni ɗaya ya mamaye, ɗayan ya shuɗe. Bai kashe shi da faɗa ba, cin abincin kawai ya fi shi sauri. Sai ya sake gwadawa da wani haɗin daban, inda ɗaya ke kiwo a saman ruwan, ɗaya a gindin kwalbar. Waɗannan suka zauna tare, kodayake kowannensu bai kai yawan da yake kaiwa in shi kaɗai ne ba. Ashe ke nan inda aka bar mai ƙarfi da marar ƙarfi a kan akushi ɗaya ba wani shinge, ƙarshen marar ƙarfi ɓacewa ne. Inda aka ga sun daɗe tare, to lalle akwai abin da ya shiga tsakani.

A tumbi abubuwan da suka shiga tsakani guda huɗu ne. Na farko, kowa da sana'arsa: wani zaren ciyawa, wani sitaci, wani furotin, wani a manne da bangon tumbi, wani a cikin ruwa. Na biyu, sharar wani ita ce abincin wani, kuma mai zubar da sharar yana buƙatar mai kwashe ta. Masu shan iskar nan da muka ce rabonsu kaɗan ne, idan ba su kwashe ta ba sai ta taru ta danne aikin masu fasa ciyawa. Babba yana rayuwa da aikin ƙarami kamar yadda ƙarami ke rayuwa da saurar babba. Na uku, akwai birki a kan wanda ya yi yawa. Furotozowa suna haɗiye bakteriya, suna kuma haɗiye ƙwayoyin sitaci su riƙe, sai masu gaggawar ci su rasa damar cinyewa lokaci guda. Akwai kuma bairos da ke kama bakteriya, kuma wanda ya fi cunkoso shi ya fi saurin kamuwa. Ita kanta saniya tana zubo yawu mai yawa a lokacin tuƙa, a cikinsa akwai sinadari ɗan uwan kanwa da ke kashe tsami. Na huɗu, 'yan tsirarun nan ajiya ne. Idan damina ta wuce aka koma busasshiyar ciyawa da harawa, wasu da ba a jin ɗuriyarsu su ne ke tasowa su ɗauki aikin.

Don haka wanda ya ce rashin daidaito ne ya zaunar da tumbi lafiya, ya karanta rabin allo ne ya wanke. Abin da ya zaunar da shi shi ne, babba yana da iyakar da ba ya wucewa, ƙarami kuma yana da rabon da ba ya yankewa.

Ranar da birki ya tsinke

Duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya ya san wannan, ko ya gani a gidan maƙwabci. Sallah ta matso, ana so rago ya yi ƙiba da wuri, sai a cika masa kwano da masara ko dawa alhali da harawa ya saba. Ko kuma ya kwance cikin dare ya faɗa wa buhun hatsi. Kafin kwana ɗaya ya daina ci, ciki ya kumbura, zawo ya ɓarke, ido ya faɗa, yana tangaɗi. Wani kafin kwana biyu ko uku sai dai a sa masa wuƙa.

Ga abin da ya faru a ciki. Akwai wani jinsin bakteriya mai son sitaci, wanda a ranakun ciyawa ba shi da wani yawa. Da hatsi ya sauko da yawa, sai ya shiga ninka kansa a ƙasa da rabin awa, ya riga kowa. Abin da yake zubarwa shi ne irin tsamin nan da ke cikin nono. Akwai masu shan wannan tsami, amma hayayyafarsu ba ta kai tasa sauri ba, sai aiki ya fi ƙarfinsu. Hatsi kuma ba ya buƙatar tuƙa sosai, sai yawu ya ragu. Ma'aunin tsamin tumbi, wanda a lafiya yake tsakanin 6 da 7, sai ya gangaro ƙasa da 5. Masu fasa ciyawa su tsaya cik, furotozowa su mutu, masu shan tsamin ma su mutu. Daga ƙarshe shi kansa wanda ya fara ɓarnar tsamin ya fi ƙarfinsa, wasu da suka fi shi jure tsami su gaje wurin. Bangon tumbi ya ƙone, dabba ta faɗi.

Jama'a, mu lura da kyau. Yunwa ba ta rushe wannan birni ba, ya sha wuce rani da ƙafarsa. Wadata ce ta rushe shi, wadatar da ta sauko farat ɗaya ta faɗa hannun jinsi guda da babu mai taka masa birki. Kuma hatsin nan da kansa ba guba ba ne. Idan aka riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, ana haɗawa da harawa, masu shan tsami za su sami lokacin ƙaruwa, rago ya yi ƙiba lafiya. Daga cikin maganin da likitocin dabbobi ke yi wa wadda ta kamu, har da ɗebo ruwan tumbin lafiyayyar dabba a ɗura mata, wato a dawo da jama'ar da ta watse.

Akwai kuma nau'in wannan ciwo mai sanɗa, wanda ya fi ba mu tsoro. Tsamin ba ya kai na kisa, amma kullum yana ɗan wuce kima. Dabba tana tsaye, tana ci yau ta ƙi gobe, mai ita yana cewa lafiyarta lau. Sai a ga tana ɗingishi saboda kofato ya yi ciwo. Ranar yanka mahauci ya buɗe ciki ya tarar da ƙuraje a hanta. Wata da watanni ana kallonta a tsaye, ashe ciwo na cinta.

Mu dawo gida

Tun 1916 aka keɓe mana wannan unguwa a Ibadan. Ƙasar ba ta ƙaru ba, mu kuwa mun ninka, ga baƙi na sauka daga Arewa kullum. Gabas da yamma gidajen masu gari ne, ba inda za mu faɗaɗa. Ɗaki ƙayyadadde, rumfa ƙayyadaddiya, ruwa ƙayyadadde, har wurin binne mamaci. Ta wannan fuska mun yi kama da mazauna tumbi fiye da yadda ɗan uwanmu na ƙauyen Katsina ko Sakkwato ya yi kama da su, domin shi idan gida ya cika yana iya sarar fili a bayan gari.

Mu faɗi gaskiyar masu hannu da shuni tukuna, domin mu ma 'yan kasuwa ne, mun san zafin asara. Tsarin maigida da dillali shi ya gina Sabo. Maigida ne ke sauke baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, ya ba shi masauki da abinci, ya tsaya masa a kan bashi. Idan mahauci ya ci bashin sa ya ɓace, a wuyan maigida abin yake. Idan tirela ta faɗi a hanya da kaya, ba ɗan dako ke kwana ba barci ba. Wanda ya ɗauki wannan nauyi ya fi wanda bai ɗauka ba samu, wannan ba zalunci ba ne, kuma addini bai ce a ƙwace a raba daidai ba. Fifiko a arziki yana nan tun zamanin Sahabbai, a cikinsu akwai masu ayarin raƙuma, akwai masu kwana a masallaci.

Amma hujjar tumbi, idan aka bi ta har ƙarshe, kan mai kawo ta take komawa. Ka ce rabonka ya fi na kowa kamar yadda yake a halitta, mun ji. To ina birkinka? Wane ne a unguwar nan zai iya ce maka ya isa, ka kuma tsaya? Ɗan dakon da ya sauke maka buhu 50, da mai kwashe sharar gaban shagonka, da yaron da ke kwana a rumfa yana gadin kayanka, ka yarda cewa kana rayuwa da aikinsu kamar yadda suke rayuwa da ladanka? Rabonsu yana zuwa ba yankewa, ko sai ranar da ka ga dama? Idan mutum ɗaya ya riƙe rumfa 6 yana bayar da haya, alhali magidanta 6 suna talla a rana, ko ya saye gidajen layi guda ya ninka kuɗin ɗaki har mutum 8 suna kwana a ɗakin mutum 2, wannan bai yi kama da tumbi mai lafiya ba. Da ragon da ya faɗa wa buhun masara ya yi kama.

Shirun talaka kuma kada ya ruɗe mu. Baƙon da ya sauka jiya ba shi da bakin magana, domin wanda zai yi ƙara a kansa shi ne mai ɗakin da yake kwana. Mu duka kuma muna da wani dalilin yin shiru: muna zaune a garin wasu, ba ma son a ji kanmu, sai mu rufe kowace ɓaraka da "a yi haƙuri, kada a ji mu a waje." Rufin asiri abu ne mai kyau, amma a ƙarƙashinsa ne irin ciwon nan mai sanɗa yake samun wurin zama. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: matashin da ya daina gaida manya, yaron shago da ya fara taɓa aljihun maigida, saurayin da ya fi jin maganar ɗan siyasar da ya ba shi dubu biyu a kan ta limaminsa. Wannan shi ne ɗingishin. Kada mu jira ranar da za a buɗe ciki.

Inda misalin ya tsaya

Duk da haka, akwai inda tumbi ba zai raka mu ba, kuma nan ne zuciyar maganar. Ƙwayar bakteriya ba ta da niyya. Wadda ta cinye sitaci ba ta yi zalunci ba, wadda ta sha iska ba ta yi haƙuri ba. Ba a aiko musu manzo ba, ba za a tashe su a tambaye su ba. Birkin da ke kansu ma ba su suka zaɓa ba, an halicce su da shi ne. Sannan zaman lafiyar tasu amfanin saniya yake yi, domin a ƙarshe dukansu, manya da ƙanana, gangarawa suke yi a narkar da su su zama naman jikinta. Ba wanda ya taɓa tambayar ko ƙaramin cikinsu ya ji daɗin zamansa.

Ɗan Adam kuwa ana tambaya. Cewa abu yana faruwa a halitta bai mayar da shi halal ba. Kura ma halitta ce, amma ba wanda ya taɓa kafa hujja da ita a gaban alƙali. Mu an ba mu hankali da zaɓi, shi ya sa birkinmu ba a cikin jiki aka dasa shi ba, umarni aka yi mana da shi, muna iya bi muna iya ƙi. Mu duba abin da muka karanta a Islamiyya da idon wannan magana. Zakka, ɗaya cikin 40 na kuɗi da kayan ciniki idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, kuma ɗan kasuwa mai juya kaya kullum ƙiyasta kayan shagonsa zai yi ya fitar. Shanu 30 a ba da maraƙi, tumaki ko awaki 40 a ba da guda. Wannan haƙƙin talaka ne, ba alfarma ba ce. An hana ɓoye abinci don a jira ya yi tsada alhali mutane na buƙata. An hana tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi, kuma duk mai zuwa Shasha ko Bodija ya san wannan hukunci bai tsufa ba. An hana mai rarar ruwa ya hana mabuƙaci. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, gugansa kamar gugan kowa. Sayyidina Umar ya ƙi raba gonakin Iraƙi ga mayaƙan da suka ci ƙasar, don waɗanda za su zo daga baya su ma su sami rabo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce kowa ya zama daidai da kowa. Dukansu abu biyu suke yi: su sa wa babba iyaka, su tsare wa ƙarami rabon da ba ya yankewa. Abin da aka dasa wa mazauna tumbi ba da saninsu ba, mu an ɗora mana shi amana.

Abin da ke hannunmu

Ya kamata mu raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa. Akwai abin da mutum ya samu da jarinsa da guminsa, wannan nasa ne, ya fitar da haƙƙin Allah ya ci sauran da lafiya. Akwai kuma abin da yake na jama'a tun asali: rumfar da aka ba al'umma aka ce shugabanni su raba, burtsatsen da aka haƙa da sunan unguwa, tallafin da ya zo da sunan talakawa, filin maƙabarta. A irin wannan, hujjar yatsun hannu ba ta da wurin zama ko kaɗan. A rubuta sunayen waɗanda suka samu, a karanta a bainar jama'a, a sa iyakar abin da mutum ɗaya zai riƙe. Shugaban da ke da gaskiya ba abin da zai rasa a wannan, kariya ma zai samu daga zargi.

Sai ladan ma'aikaci. A yanke shi kafin a ɗora kaya a ka, a biya da an sauke. Yaron shago da ya yi shekaru yana hidima a sa masa ranar sallama da jarin da aka ambata tun farko a gaban shaidu, kada ya tsufa yana jiran "sai Allah ya kawo."

Sai darasin kwalbar Gawse. Idan duk matasanmu suka taru a kan acaba, canji da dako, to akushi ɗaya ne, kuma mun ga ƙarshen masu cin akushi ɗaya. Mai kuɗin da ya biya wa yara 5 kuɗin koyon walda, gyaran waya, aikin wutar sola ko ɗinki, ya buɗe wa unguwa sabon wurin kiwo, ya kuma rage wa kansa masu tsayuwa a ƙofar gida.

Sai kuma lokacin da wadata ta sauko farat ɗaya, kamar kuɗin siyasa a shekarar zaɓe, ko tsadar kaya da ke mayar da mai sito attajiri cikin wata guda. A nan ne ya kamata dattawa da malamai su fi buɗe ido, domin a nan ne mai saurin hannu ke riga kowa, a nan ne kuma tsami ke taruwa. Mu masu hawa mumbari, ko na Juma'a ko na salloli biyar, aikinmu ke nan mu zama yawun da ke kashe tsamin. Idan wa'azinmu kullum haƙuri ne ga talaka, ba mu taɓa juyawa sahun gaba mun ambaci iyaka ba, to mun ɗauki ɓangare ko da ba mu yi niyya ba.

Talaka ma da nasa. Hassada ba ta ƙara wa kowa rabo, kuma wanda aka ba amanar shago ya ci, ya toshe ƙofa ga goma da ke bayansa. Neman haƙƙi ta hanyar dattawa, da hujja, da ladabi, shi ne abin da muke kira gare shi.

Daɗewar zama ba rigima ni'ima ce, muna gode wa Allah a kanta. Amma shaida ɗaya ce tak, kuma ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Shaida ta biyu tana bakin wanda ya fi kowa ƙaramin rabo a cikinmu: a tambaye shi a inda ba ya jin tsoro, a ji ko zai ce an yi masa adalci.

Allah ya ba mu ikon tsayawa a iyakarmu, ya sa wa kasuwanninmu albarka, ya zaunar da mu lafiya da juna da kuma masu masaukinmu. Amin.